Mariƙin sarƙa na wankin keke: wane iri ya dace, kuma dole ne a saya?

Sumaila (Asawase):
Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya ce game da ɗan ƙarfen nan da ake maƙalawa a gurbin tayar baya idan an cire ta, domin ya riƙe sarƙa lokacin wanki. Turawa na ce masa cen kifa. Na ga iri-iri a intanet, wani ɗan kwarkwaro ne kawai na roba da noti, wani kuma dogo ne mai tsinke. Keken da ake magana hom-yus ne, wato na gwanjo da aka shigo da shi daga waje, giya 9 a baya, tayar kuma mai tsinken hannu ce wadda ake kwancewa ba sifana. Wanne ya kamata a ɗauka?

Masta Issaka (Aboabo):
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a zo ga wanne, a san aikinsa, don da yawa suna saye ba su san abin da suka saya ba. Idan ka cire tayar baya, sarƙa ba ta da inda za ta hau. Sai ta zube kan sandar firam ta ƙasa, in ka juya feda ta dinga gurzar fenti, direla kuma, wato ƙarfen da ke sauya giyar baya, ta lanƙwashe ta koma baya don babu abin da ke jan sifirin ɗinta. Mariƙin yana tsayawa a madadin ƙaramin haƙorin kaset, wato jerin haƙoran giya na tayar baya: sarƙa ta hau kansa, ta miƙe, ka juya feda baya-baya kana goge ta.

Dalilin cire tayar tun farko shi ne babba. Duk abin da kake wanke sarƙa da shi, kananzir ne ko ruwan narka maiƙo na kanti, aikinsa cin giris ne, kuma bai san bambancin giris mai datti na sarƙa da mai kyau na cikin boris ba. In taya na jiki, yana gangarawa ta bayan kaset ya shiga cikin hob, wato cibiyar tayar, bayan wata biyu ka ji tayar na gurnani. In burkinka na faifai ne kuma, ɗigo kaɗan a kan faifan ya isa ya sa burki kuka da santsi.

Naka mai tsinken hannu ne, giya 9, don haka tsagar firam ɗinka ta aksul mai milimita 10 ce, a buɗe ta ƙasa. Kusan kowane mariƙi na kasuwa zai zauna. Abin dubawa ɗaya ne: kwarkwaron yana zamewa hagu da dama a kan sandarsa, ko a kafe yake wuri guda? Ɗauki mai zamewa.

Sumaila (Asawase):
Na gode Masta. Me zamewar ke ƙarawa? Na ɗauka riƙe sarƙa kawai ake so.

Masta Issaka (Aboabo):
Abu biyu. Na ɗaya, direla tana da gaɓoɓi huɗu da sifirin a cikinta, kuma nan jar ƙasarmu ta fi maƙalewa. In tana kan ƙaramin haƙori a tsuke take, burushi ba ya shiga. Sai ka danna giya ta buɗe jikinta sannan ka iya wanke ciki ka ɗiga mai. Da kwarkwaro kafaffe ba ka da wannan damar. Na biyu, kuskure. Hannu ya taɓa maɓallin giya kana juya feda, direla ta ja sarƙa gefe, kwarkwaro ya ƙi bi. In ka yi sa'a sarƙa ta faɗo kawai. In ba ka yi ba, kunnen da direla ke rataye a kai ya ɗan lanƙwashe, shi kuwa alminiyom ne mai taushi da gangan aka yi shi don ya lanƙwashe kafin firam. Daga nan giya ta fara tsalle ka rasa dalili.

Daga ƙaramin haƙori zuwa babba tafiyar ba ta wuce milimita 35 zuwa 40 ba, don haka sandar ta ba kwarkwaron wannan filin.

Fuseini (Suame):
Masta ya faɗi gaskiya, sai dai ni ban ga abin kashe sidi a nan ba. Tsohon hob na tayar da ta mutu, a yanke sipok ɗin, a bar kaset a jiki, a ɗaura shi kamar taya. Giya duka za su shiga, har saitin direla za ka iya dubawa, kuma ya cika faɗin firam daidai. Duk mai gyaran keke daga Alabar zuwa Aboabo yana da tulinsu a ƙarƙashin benci. Ba ruwanka in kananzir ya shiga cikinsa, dama gawa ce.

Hajiya Ramatu (Tafo):
Yaya Fuseini, hob ɗin yana aiki amma da sharaɗi uku da ba ka faɗa ba. Faɗinsa ya zama ɗaya da na firam: keken titi mai burkin gefen taya 130 ne, keken dutse mai tsinke 135, tsofaffin giya 6 da 7 na titi 126. In ka tura 135 cikin firam 130 na alminiyom kana buɗe shi da ƙarfi ne. Ƙarfe yana haƙuri da haka, alminiyom da kabon ba sa yi. Na biyu, tsohon kaset yana riƙe datti a tsakanin haƙoransa, sai ya zama kana wanke sarƙa tana komawa ta kwaso. Sai an wanke shi tas tukuna. Na uku, yawan giya ya dace. Kaset 7 haƙoransa sun fi kauri kuma tazararsu milimita 5 ce, na 9 kuwa 4.35, don haka sarƙar 9 za ta yi ta ƙara-ƙara a kai, ba kuma za ka iya gane saitin direla da shi ba.

Kwarkwaro mai santsi bai damu da ko sarƙar giya nawa ce ba, shi ne ribarsa ga wanda ke kula da keke fiye da ɗaya.

Fuseini (Suame):
Na karɓi na faɗin, Hajiya. Na datti kuwa ana cire haƙoran a bar biyu ko uku da sifesa a tsakani, sai ya wanku da sauƙi.

Abdul Razak (Kwadaso):
Bari in kawo sunayen waɗanda aka fi sani, don mai nema a intanet ko mai ɗan'uwa da zai taho daga waje. Park Tool na Amurka suna da DH-1, kwarkwaronsa na zamewa, kuma an yi shi ya yi aiki da buɗaɗɗiyar tsaga da kuma aksul mai zarcewa na milimita 12. Abbey Bike Tools, su ma Amurka, suna da Wash Buddy, shi ma mai zamewa, aikinsa mai kyau ne amma kuɗinsa na masu gyaran kekunan tsere ne. Morgan Blue na Beljiyam nasu ɗan ƙarami ne na roba, a gefe ɗaya yake kamawa, ba ya zamewa. Pedro's ma suna da nasu. Sai kuma tulin marasa suna daga Sin, waɗanda galibi kwaikwayon waɗannan ne.

A marasa sunan abin lura shi ne wurin da ke cizon firam. Wasu fuskarsu sumul ce, ba ta da ɗan tudun da ke shiga cikin tsagar. Sifirin ɗin direla yana jan sarƙa gaba da ƙasa, sai mariƙin ya dinga sulɓewa a hankali har ya fita daga tsagar kana tsakiyar aiki. Mutum sai ya ƙara matsewa don ya hana, ya ƙare da cin fenti. Mai kyau yana da tudu mai kaurin milimita 10 da ke zama cikin tsagar kamar yadda bakin aksul ke zama, noti kuma riƙewa kawai yake yi.

Baba Awudu (Sabon Zongo):
Yara, duk wannan dogon zance na masu direla ne. Ku gaya wa mutane cewa keke mai giya ɗaya, irin Phoenix da kekunan Japan masu kwando da suka cika arewacin Gana, wannan abu bai yi musu ba. Babu sifirin da zai ɗauke sakin sarƙa. Miƙewarta daga jan taya baya ne a cikin doguwar tsaga. Ka sa ɗan kwarkwaro mai ƙaramin ciki a maimakon haƙori 18 ko 20, sarƙa ta yi lako-lako ta faɗo daga farantin gaba. Irin waɗannan sarƙarsu mai faɗi ce, inci 1/8, kuma tana da mahaɗi mai kilif. A zare kilif da filaya, a cire sarƙar ɗungurungum, a wanke a gwangwani. In za a mayar, rufaffen bakin kilif ɗin ya kalli inda sarƙa ke tafiya, in ba haka ba wani abu ya taɓa shi ya fizge.

Abdul Razak (Kwadaso):
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. To amma maganarka ta buɗe wata ƙofa: in cire sarƙa ya fi, me ya hana masu direla su ma su cire? Yawancin sarƙoƙin yanzu suna da mahaɗin da ake buɗewa.

Masta Issaka (Aboabo):
Saboda mahaɗin ba a yi shi don buɗewa kowane mako ba. Na giya 11 da 12 na Shimano da SRAM, kamfanonin da kansu sun ce sau ɗaya ake rufe shi. Ɗan tudun da ke kulle fil ɗin yana cinyewa duk buɗewa, kuma ranar da zai saki ba a kan benci zai saki ba, a hawan tudu ne kana tsaye kan feda. KMC suna da waɗanda suka rubuta ana maimaitawa, musamman na giya 8, 9 da 10. Ka'ida mai sauƙi: in mahaɗi ya rufe ba tare da ya yi ƙas ba, ko yatsu kawai suka buɗe shi ba filaya, ya gama.

Don haka cire sarƙa na babban wanki ne, sau ɗaya a wata biyu ko uku. Mariƙi na wankin kullum ne, wanda a daminar nan Kumasi, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Nuwamba, kusan duk fita yake biyowa. Mutum ya je tafkin Bosomtwe ya dawo cikin ruwa, ba zai buɗe mahaɗi don wannan ba.

Su kuma sarƙoƙin da aka haɗa da fil, irin na Shimano mai fil na musamman da ake karya kansa, kada a tura fil ɗaya sau biyu. Ramin ya riga ya buɗe.

Mariama (Oforikrom):
Ina da gyara a kan aksul mai zarcewa, don yanzu suna shigowa da yawa cikin hom-yus kuma nan ne ake ɓarna. Irin wannan firam ba shi da tsaga, rami ne zagayayye, aksul ɗin milimita 12 ya shiga ta gefe ɗaya ya murɗu a ɗaya gefen. Faɗin 142 ne a yawancin kekunan titi da na tsakuwa, 148 a kekunan dutse na yanzu. Mariƙin da ya fi sauƙi a nan kwarkwaro ne kawai mai ramin 12, a zura shi a aksul ɗin keken, a mayar da aksul. Zamewa kyauta ce tunda aksul ɗin duka sanda ce.

Haɗarin shi ne matsewa. In taya na nan, hob ne ke tokare ƙafafun firam biyu. In babu ita, duk murɗin da ka yi bayan kan aksul ya taɓa firam jawo ƙafafun yake yi ciki. Babu abin da zai ce maka ya isa, sai dai ka ji sauti. A murɗa zagaye uku ko huɗu kawai don ya kama, a tsaya. Haka ma dogon tsinken hannu in an mayar da shi babu hob: kada a kulle hannun.

Abu na biyu, kada wani ya sayi mariƙi mai nasa aksul ba tare da ya san zaren firam ɗinsa ba. Kaurin duk 12 ne amma tazarar haƙoran murɗin iri uku ce, 1.0, 1.5 da 1.75. Galibi a rubuce take a jikin aksul ɗin. Ka tura 1.5 cikin 1.0 zai shiga zagaye ɗaya kamar gaske, na biyun ya cinye zaren, wanda a wasu firam a cikin kunnen direla yake, a wasu a jikin firam ɗin kansa. Na farkon sauyi ne, na biyun kuka ne. Amfani da aksul ɗin keken ya kawar da wannan duka.

Fuseini (Suame):
Wannan ma da gida ake maganinsa, ƙanwata. Bututun roba na famfo, mai rabin inci, a yanka shi daidai faɗin hob, 142 ko 148, a zura aksul ta cikinsa. Ya tokare firam, sarƙa kuma ta zame a kansa. A goge bakin yankan da sanfefa ya miƙe.

Mariama (Oforikrom):
Yana tokarewa in ba a matse shi da ƙarfin taya ba, roba ce. Amma siririn bututu yana da nasa aibi. Kaurinsa wajen milimita 20 ne, ƙaramin haƙori mai 11 kuwa faɗin da'irar da sarƙa ke bi a kansa wajen 45 ne. Bambancin yana sakin sarƙa kusan santimita 3. In kana kan ƙaramin farantin gaba kuma sarƙar dama doguwa ce, direla ta naɗe har ƙarshe, sarƙa ta dinga gugar kanta a ƙarƙashin ƙaramin fulin sama. Maganin shi ne a hau babban faranti kafin a cire taya. Dama ya fi don wanki: sarƙa ta fi miƙewa, kuma haƙoran babban ba sa zama tsirara su yanki hannu.

Alhaji Bashiru (Asokore Mampong):
Tunda Magazin, unguwar makanikai ta Suame, na hannunmu, ga awon da za a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da kwarkwaro mai kyau. A nemi guntun farar roba mai tauri, nailan ko irin wadda ake yin bushin da ita. Kada a yi da ƙarfe, yana ƙara kuma yana cin gefen sarƙa. Katako yana shan mai ya kumbura.

Ramin tsakiya milimita 12.5, don ya zame a aksul 12 ko da ɗan ƙasa ta shiga. Kwarin da sarƙa ke kwanciya, faɗinsa 9. Sarƙar giya 8 faɗinta wajen 7.1 zuwa 7.3 ne, ta 9 wajen 6.6, ta 11 wajen 5.6, ta 12 wajen 5.3, kun ga 9 ya ɗauke su duka. Kaurin kwarin a ƙasa 36 zuwa 38, shi ne ya yi kusa da haƙori 11. Gefunan biyu su kai 48 ko 50, kaurin kowanne 3. Kada a wuce 50 don ganin kyau, fulin sama na direla yana zuwa dab da wurin, in gefen ya yi tsayi za su yi karo. A ɗan karkata bangon kwarin ta ciki don sarƙa ta koma tsakiya da kanta.

Ga mai buɗaɗɗiyar tsaga irin Sumaila, sandar ita ce bolt M10 mai tsawon 80, wanda zarensa bai kai kai ba. Irin wannan zarensa wajen milimita 26 ne, sauran 54 sumul. A zura kwarkwaro ya tsaya a kan bolt ɗin, sai siririn noti a murɗa shi har ƙarshen zare, sai washa, sai firam, sai washa, sai noti mai fukafuki a waje. Kwarkwaron faɗinsa 15, don haka ya sami wajen 39 na zamewa. Kan bolt ɗin na sifana 17 ne, ya fi ramin girma, ba zai fita ba.

Abu guda: notin ciki da washa suna ture kwarkwaron daga firam, ba zai kai daidai layin ƙaramin haƙori ba. Sai a danna giya biyu ko uku sama har fulin direla ya daidaita da kwarin, daga nan ake farawa. In firam kabon ne a sa washar roba, a matse da yatsu kawai.

Sumaila (Asawase):
Alhaji wannan ai karatu ne, Allah ya saka. Na ji wasu na amfani da tsohon fulin direla a kan tsinke, shi fa?

Alhaji Bashiru (Asokore Mampong):
Yana yi, ramin fulin na bolt 5 ne kuma tsinken ma 5 ne. Amma ba shi da gefe. Haƙoransa gajeru ne, da sarƙa ta ɗan karkace sai ta sauka. Na wucin gadi ne.

Hajiya Ramatu (Tafo):
Tunda an zo nan a faɗi yadda ake aikin, don mariƙi mai kyau a hannun da bai iya ba bai hana ɓarna.

A rataye keken, ko a sitan ko da igiya ta ƙarƙashin sirdi. Kada a kifa shi, ruwan datti yana gangarawa cikin boris na sitiyari. Giya: babban faranti a gaba, ƙaramin haƙori a baya. In direla mai kulaci ce, irin na kekunan dutse, a kashe shi. Na Shimano ɗan hannu ne a gefe, na SRAM kuwa ana tura kejin, wato ƙafar da ke riƙe fuli biyun, gaba a danna maɓallin da ke kulle shi don a cire taya, sannan a sake shi bayan an ɗora sarƙa kan kwarkwaro. In ba a sake ba sarƙa za ta zauna a sake.

Mai burkin faifai na mai, da an cire taya a cusa abin tokare tsakanin takalman burkin, ko kwali mai kauri a ninke. In wani yaro ya matse hannun burki babu faifai, fistin ɗin suna fitowa su haɗe, taya ta ƙi komawa. A rufe kan burkin da leda a ɗaure.

Kwarkwaron yana shiga ne cikin zoben sarƙa, wato sarƙar ta zagaya ta bayansa kamar yadda take zagaya kaset. Sau da yawa ana sa shi a waje, sai a ga feda ta ƙi juyawa daidai.

Sai wankin. A fara kankare kitsen da ya daskare a fulin direla biyu da tsinke ko bakin sukudireba, in ba haka ba shi zai sake shafe sarƙar. A zuba abin narka maiƙo a ƙaramin gwangwani, a shafa da burushin fenti mai inci ɗaya a saman sarƙa da ƙasa ana juya feda baya. Mai akwatin wanke sarƙa mai burushi a ciki ya maƙala shi a layin ƙasa, ya juya wajen sau 30, ya zubar ya sake. Minti biyu zuwa uku ya isa ya ci. Sai ruwan sabulu, sai ruwa zalla har ya fito fari. A goge da tsumma, a bar ta a rana ta bushe sosai. Gwaji: a murɗa sarƙar gefe da gefe da yatsu kusa da kunne. In ana jin ƙurus-ƙurus akwai yashi a ciki, a maimaita.

Kaset kuma a wanke shi a jikin tayar a gefe, a karkata ta kaset na kallon ƙasa don ruwan ya zuba waje ba cikin hob ba.

Baba Awudu (Sabon Zongo):
Hajiya ta ce abin narka maiƙo, ni na ce kananzir. Shi aka sani, yana ko'ina, kuma yana cin baƙin mai fiye da ruwan kanti.

Hajiya Ramatu (Tafo):
Ban ƙi ba Baba, amma yana barin maiƙonsa. In ba a bi shi da sabulu an busar ba, sabon man da aka ɗiga sai ya tsinke ya zube. Gas na mota, wato dizal, ya fi shi barin maiƙo. Fetur kuwa kada a kusance shi, tururinsa ke kama wuta, gidajenmu kuma murhun gawayi na tsakar gida. Yana kuma cin robar da ke rufe boris.

Abdul Razak (Kwadaso):
A ƙara da sabulun gari na wanki. Yana da kaifi, yana dusashe launin alminiyom in ya daɗe a kai. Sabulun ruwa na wanke kwano, cokali biyu a bokiti, ya wadatar. Haka injin feshi na wurin wankin mota: ƙarfin ruwan yana tura datti ta bayan robar boris ya kore giris. Kuma kada a jiƙa sarƙa ta kwana a ruwan narka maiƙo mai haɗin ruwa, yana iya raunana ƙarfen.

Masta Issaka (Aboabo):
Mai kuma, tunda sarƙa na kan mariƙi lokacin sa shi ne. Ɗigo ɗaya a kan kowace rola, ta cikin zoben, wato saman layin ƙasa. Sabuwar sarƙa gaɓa 114 ko 116 take zuwa kafin a rage, a fara daga mahaɗi don a san inda aka tsaya. A juya sau goma sha, a bar shi ya shiga, sannan a goge waje har tsumma ya daina ɗauka. Man da ke waje ba ya aikin komai sai kiran ƙura. A damina mai kauri, a hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu mara danƙo, don ƙurar lokacin in ta haɗu da mai kauri sanfefa ce. Baƙin man da aka juye daga inji akwai garin ƙarfe a cikinsa, arha ne mai tsada.

A goge kwarin kwarkwaron kafin sa mai. Ya kwashi dattin wankin farko.

Mariama (Oforikrom):
Kada dai a auna cinyewar sarƙa a kan kwarkwaro a dogara da shi ɗari bisa ɗari in babu ma'auni mai matsawa da kansa, jan sifirin kaɗai ba ya miƙe ta sosai. A mayar da taya, a danne feda kaɗan, a sa rula. Tazarar fil da fil rabin inci ce, milimita 12.7, don haka tazara 24 inci 12 ne cif, 304.8. In ta wuce da milimita 1.5 an kai kashi 0.5 cikin ɗari, lokacin sauya ta giya 11 da 12 ke nan. Ta 9 irin ta Sumaila tana kaiwa 0.75, wato ƙarin wajen 2.3. A auna bayan wanki, don datti yana cike gurbin ya ɓoye cinyewar.

Sumaila (Asawase):
Tambaya ta ƙarshe, ku yi haƙuri. In za a ɗora keken a bas zuwa Tamale an cire tayoyi, wannan mariƙin ya isa kariya?

Fuseini (Suame):
Mai kama gefe ɗaya bai isa ba. Sarƙa kawai yake riƙewa, ƙafafun firam suna nan a buɗe, buhun doya ɗaya a kai ya matse su. Nan ne tsohon hob ko bututun ya fi, don ya cika tsakani. Naka ka auna cikin firam da rula, 130 ko 135, ka yanka daidai. Gaba ma haka, faɗin 100.

Masta Issaka (Aboabo):
Kuma a tafiya irin wannan kwance direla gaba ɗaya, bolt ɗaya ne na alanki 5, ka naɗe ta da tsumma ka ɗaure a jikin firam, wayar giya na jiki ba sai an taɓa ta ba. In za ka mayar, fara murɗa bolt ɗin da hannu, ka duba ƙaramin sukurun bayan direla ya zauna a kan tudun kunnen, ba ya danne shi ta gefe ba, sannan ka matse.

Alhaji Bashiru (Asokore Mampong):
Sumaila, in za ka kai awon Magazin ka tafi da sarƙar ko guntunta, a gwada a kwarin kafin a sauke robar daga inji. Bolt ɗin ma ka riƙe shi a hannu, wasu na kasuwa zarensu har kai yake, kwarkwaro ba ya zamewa a kan zare.